Canal+, parabol na kyauta, forfe ko shagon tura fim: wanne ya dace da mai son kallo a Yamai?

Duk mai son kallo a garin nan na Yamai hanya huɗu ce gabanshi. Ko ya ɗauki abonma na Canal+, ko ya kafa parabol na kyauta wanda ba a biya duk wata, ko ya dogara da waya da forfe yana bin YouTube, ko kuma ya riƙa kai memwa wajen masu tura fim na bakin titi. Mafi yawanmu ba mu da ƙarfin haɗa duka huɗun, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa a fada, wanga ya ce Canal ɓarnar kuɗi ne, wancan ya ce ai forfe ne ke cinye mutum bai sani ba. Ni abinda na lura shi ne mutane na zaɓe da yawan tashoshin da aka rubuta a takardar talla, alhali abin dubawa shi ne mi gidanka ke kallo, su wa ke kallon, kuma da wane lokaci suke zama.

Ga ma'aunin da zan auna su da shi. Na farko kuɗi, kuma kuɗin kashi biyu ne, na shiga wato sayen kaya da biyan mai haɗawa, da na kowane wata wanda shi ne ke gajiyar da mutum. Na biyu ƙarko, don zafin Afrilu da Mayu, ƙura, iskar damina da wasan da kuran ke yi ba su barin kayan wuta lafiya. Na uku sauƙi, wato in ba ka gida inna ko yara za su iya kunnawa da kansu? Na huɗu haɗari. Sai na biyar wanda ga mai bin seri ya fi duka nauyi, shi ne lokaci: yaushe sabon epizod zai iso hannunka. Wanda ba ya bin seri ba zai gane zafin wannan ba, ka shigo fada da dare ana zuba shayi na biyu ka tarar an riga an faɗi wanda ya mutu da wadda aka saka, ko ka buɗe TikTok a jefo maka guntun ƙarshen tun ba ka ga farko ba.

Mu fara da Canal+ tunda shi ya fi suna.

Kuɗin shiga bai kai yadda ake tsoro ba in ka jira promo, kit ɗin dekoda da parabol na sauka sosai gab da CAN, wato gasar ƙwallon ƙasashen Afirka, ko ƙarshen shekara. Nauyin na wajen abonma. Ƙaramin buke, Access, an daɗe ana biyanshi wajen jika biyar a wata, Evasion na sama da shi wajen jika goma, daga nan kuma sai hawa. Ka tambaya a butik ranar da za ka saya don farashi na motsi. Ka lissafa da shekara kar ka lissafa da wata, jika biyar sau 12 jika sittin kenan, jika goma kuwa ta kai ka 120.000F, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai albashin wata.

Mi za ka samu? Tashoshinmu na gida kamar Télé Sahel, sai Novelas TV da mata da yawa ba su wasa da ita, Nollywood TV mai finafinan Najeriya da aka juya da Faransanci, A+ mai serin Abijan da Dakar da sauran ƙasashen yamma, Zee Magic mai serin Indiya. Arewa24 ma tana kan Canal+, amma ka sa mai saidawa ya nuna maka ita cikin buken da za ka biya kafin ka miƙa kuɗi, kar ka yarda da "ai duk tana ciki". Manyan finafinan Amurka da Faransa sababbi da manyan wasannin ƙwallo suna buke na sama, nan ne da yawa ke jin haushi bayan sun biya ƙarami.

Wajen sauƙi babu mai kamo shi. Telekoman ɗaya, lamba ɗaya, tsohuwa ma ta haddace lambar tasharta. Ana sabunta abonma ta waya ko a butik, akwai lambar sirri ta kulle tashoshin da ba ka so yara su gani, kuma ina roƙon duk mai yara ya sa ta, don wasu novela ba na kallo da ƴaƴa ba ne ko kaɗan. Mai abonma na iya buɗe apilikasiyon ɗinsu a waya shi ma, sai dai wannan forfenka zai ci.

Rauninshi biyu ne. In hadari ya haɗo ruwa ya sauko da ƙarfi hoto na tsayawa, in iska ta karkata parabol sai an kira mai gyara ya hau soro. Na biyu kuma ya fi ciwo: kwanakin abonma na tafiya ko ka kalla ko ba ka kalla ba. Lokacin zafi in kuran na ɗaukewa da magariba, daidai sa'ar da ake sa serin, to ka biya kuɗin abinda ba ka gani ba. Maganin da na ga yana aiki shi ne ƙaramin panno da batiri, don tele LED mai inci 32 ba ta wuce wat 50 haka ba, dekoda kuma bai kai rabin wannan ba, da yawansu ma da bolt 12 suke aiki. Wanda bai da wannan ya sa regilatar aƙalla, dawowar kuran da ƙarfi ita ke ƙona dekoda fiye da komi.

Wani zai ce to dekodar Najeriya fa, StarTimes ko DStv da ake shigowa da su ta Konni ko Maraɗi? Gaskiya ga mai son Hausa zalla akwai daɗi, DStv na da Africa Magic Hausa, StarTimes ma na da tasharta ta Hausa. Amma da naira ake biya, sai ka samu amintacce a can mai sabunta maka, in ya lalace kuma ba inda za ka kai ƙara nan kusa. Mutanen iyaka ya fi yi ma sauƙi, mu na Yamai wahala ce.

Sai parabol na kyauta, wanda ni a ganina an raina shi fiye da kima.

Sau ɗaya kake biya. Ka sayi faranti, kan LNB da ake ɗorawa gabanshi ya kama tashoshi, waya da dekoda irin su Strong, sabo a Babbar Kasuwa ko na hannu a Katako, ka biya mai haɗawa, shikenan ba mai ƙara tambayarka dala. Arewa24 tun da ta fara a 2014 kyauta take a tauraron ɗan adam, kuma can ne Dadin Kowa da Kwana Casa'in suka fito, wato serin da suka sa gidaje da yawa zama gaban tele da dare. In farantin babba ne aka juya shi wajen Nilesat ana kama tashoshin Larabawa irin su MBC 2 mai finafinan Amurka da rubutun Larabci a ƙasa, da MBC Bollywood, ga tashoshin Makka da Madina da tsofaffi ke so a bar musu da safe. Wasu na ɗora kai biyu ko uku a faranti ɗaya don su kama tauraro daban daban, wannan aikin gwani ne, kar ka ba yaron da ke koyo.

Na san wani gida a Bukoki da parabol ɗin nan kawai suke da shi. Bayan isha'i ake fiddo tele tsakar gida a ɗora bisa tebur, a jawo rallonji daga ɗaki, a shimfiɗa tabarmi biyu, maƙwabta mata su shigo da goyo, yara a gaba manya a baya bisa kujerun roba. Ana talla gardama ta tashi, wata ta ce matar nan ta cikin shirin ita ta jawo ma kanta, wata ta ce a'a mijin ne azzalumi, uwar gidan tana tsawatawa a yi shiru an dawo. Kallon da mutum goma sha ke yi tare ba a biyan ko dala a wata, wannan ba abin rainawa ba ne, kuma waya ba za ta taɓa ba ka shi ba.

Matsalarshi, tasha na iya canza mita ko ta koma wani tauraro ka wayi gari baƙin allo, sai an sake sikanin, wani lokaci sai mai gyara ya zo. Ba ka da iko da lokaci, in an sa shiri kana wajen aiki sai ka jira maimaici. Novela da VF, wato finafinan da aka juya da Faransanci, da ƙwallon Turai kuma ka cire rai. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: masu cewa za su sa maka "kod" ko wani abonma na bayan fage da ke buɗe duk tashoshin biya da araha. Yana aiki wata ɗaya ko biyu ya mutu, wanda ya saida maka ya daina ɗaukar waya, kuma ba ka da bakin kai ƙara don kai ma ka san ba hanyar halal ba ce.

Na uku waya da forfe. Nan ne yawancin samari da ƴan mata suke yanzu, kuma dalilin a fili yake: Kannywood ta koma YouTube. Tun wajen 2020 da Izzar So da Labarina suka nuna cewa seri mai dogon zango na iya rayuwa a can, masu shiryawa da yawa suka bi, kowa da tasharshi, kowane mako sabon epizod. In abinda kake bi kenan to babu hanyar da ta kai wannan sauri, ana sakawa kana gani, har ka shiga sharhi ka faɗi ra'ayinka tare da mutanen Kano, Damagaram, Agadas da ƴan uwa na Libiya da Saudiya. Ni wannan sharhin rabin daɗin kallon ne a wajena, can za ka ga wane ɗan wasa ne mutane suka yarda da shi da gaske.

Kuɗin shiga babu, wayar tana hannunka. Amma forfe randa ce mai yoyo, ba ka jin zubarshi sai ka duba ƙasa. Ga lissafi mai sauƙi: awa ɗaya a 360p na cin wajen mega 300, a 480p wajen 500, in ka bar shi a 720p jiga ɗaya ko fiye ta tafi. Mai bin seri uku a mako na kallon epizod 12 a wata, a 360p wajen jiga huɗu kenan, a 720p ya haura goma sha biyu. Bambancin duk yana cikin ɗan maɓallin inganci da mutane ba su taɓawa, suna barinshi "auto" waya ta zaɓa musu mafi tsada duk sanda rezo ya yi kyau. A ƙaramin allon waya 360p ya isa wallahi. In layinka na da forfen dare, ko kana samun wifi a wajen aiki, ka sauke epizod ɗin cikin YouTube ɗin kanshi in akwai alamar saukewa, ka kalla da rana ba tsayawa. Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms, kar ka tambayi wanne ya fi a Yamai gaba ɗaya, ka tambayi maƙwabcinka wanne ke ja a layinku, don rezon Plateau daban na Talaje ko Harobanda daban.

Netflix na aiki a Nijar, sai dai da katin banki ake biya, kuma su da kansu sun ce awa ɗaya na cin wajen jiga ɗaya a inganci na tsaka, har uku a HD. Wanda ke da wifi a gida, fibar ko Starlink da aka ba izini a ƙasar nan, shi zai more shi. Da forfen waya kawai ban ba kowa shawara ba. Finafinan Hausa kuma kaɗan ne ƙwarai a can.

Ƙarko? Waya ba ta damu da ɗaukewar kuran ba in akwai pawa bank, wannan babbar nasara ce a watan Mayu. Amma kallo na awa biyu tana jone da sarji cikin zafin nan na kashe batiri da wuri, har ya kumbura. Haɗarin kuma na gida ne: kallon mutum ɗaya ne, kowa da ekutar a kunne, kuma yaron da ka ba waya ya kalli seri ba ka san inda YouTube zai kai shi bayan epizod ya ƙare ba. Akwai kuma tashoshin bogi masu sa hoton sabon epizod su cinye maka mega da tsohon abu, ka tabbata tashar masu fim ɗin ce ta asali.

Na huɗu shagon tura fim. Kowace unguwa akwai su, ɗan kiyos da kwamfuta ɗaya, disk biyu uku a gefe, wayoyin sarji na rataye kamar goma, bafful na ta kiɗa, yaro na zaune yana tambayarka "Indiya ko Hausa, fassara ko VF?" A unguwarmu dala goma zuwa dala ashirin ne fim ɗaya, in seri ne cikakke ku yi ciniki. Da dala ɗari ka cika memwa da abin kallon mako guda, ba rezo ba kuran, ka sa a waya ko ka zuba a kile ka soka bayan tele kowa ya gani. Masu son Indiya da fassarar Hausa irin ta Algaita nan ce kasuwarsu, haka masu bin serin Turkiyya da Koriya masu epizod barkatai waɗanda forfe ba zai iya ɗauka ba. Mai tafiya ƙauye ko doguwar hanya kamar Yamai zuwa Tawa a bis, babu abinda ya fi mishi wannan.

Amma araha ba ta ado. Sau da yawa epizod na 14 ya ɓace tsakanin 13 da 15, ko ƙarshen fim ya yanke, ko murya ta riga hoto. Sabon epizod sai ya kwana ɗaya ko biyu kafin ya iso. Memwar bogi ta cika kasuwa, an rubuta jiga 64 tana ɗaukar takwas sauran su lalace. Kile na kwaso virus daga kwamfutar da kowa ke sokawa. Babban haɗarin kuma, musamman ga ƴan uwa mata: kar ki miƙa wayarki a buɗe ki tafi ki dawo, hotunanki da saƙonninki duk suna ciki. Ki ware memwa ɗaya ta fim kawai, ita za ki bayar.

Akwai kuma maganar da ba a son ji. Kuɗin da ka ba mai turawa ko dala ba ta isa hannun wanda ya shirya fim ɗin. Mu ne masu zafin gardama lokacin kyaututtuka, wa ya cancanta wa aka zalunta, mi ya sa hoton finafinanmu bai kai na Legas ba, alhali hanyar da muke kallo ba ta mayar musu da komi. A YouTube ko ba ka biya su kai tsaye ba, kallonka da tallar da ke fitowa na shiga lissafinsu. A tele ma tasha na sayen shiri ko ta ɗauki nauyinshi. Don haka ni ra'ayina, serin Hausa da masu shi suka saka a tasharsu ka kalle shi can, shagon turawa ka bar shi ma abinda ba ka da wata hanyar samu.

Tunda an zo maganar kyaututtuka, nan duka huɗun suna da giɓi. AMVCA, bikin kyaututtukan fim da ake yi a Legas tun 2013, wadda Dadin Kowa ya ci a ɓangaren Hausa a 2016, a tashoshin Africa Magic ake nuna ta, wato sai mai DStv, sauranmu guntaye muke gani a Facebook da YouTube washegari. FESPACO, gasar finafinan Afirka ta Wagadugu, kuwa duk shekara biyu ake yi, kuma ɗan ƙasar nan Oumarou Ganda ne ya fara ɗaukar babbar kyautarta ta Yennenga a 1972, shi ne aka sa ma cibiyar al'adu ta CCOG ta nan Yamai sunanshi. Amma je ka shagon turawa ka nemi fim ɗin da ya ci FESPACO, ko fim ɗin wani ɗan Nijar da ya je gasa waje, da wuya ka samu. Irin waɗannan sai dai ka sa ido a tashoshin Canal+ da Télé Sahel, ko ka bi sanarwar cibiyoyin al'adu in za a haska. Wannan abu na ci min rai, muna sanin kyauta ba mu san fim ɗin ba.

Ga su a jere:

| Hanya | Kuɗin shiga | Kuɗin wata | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | Sabon epizod |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Canal+ | matsakaici, ƙasa in da promo | wajen jika 5 zuwa sama | mai kyau in da regilatar | ya fi duka | kwanaki na tafiya ko ba kuran | lokacin da tasha ta sa |
| Parabol na kyauta | sau ɗaya | babu | shekaru, sai gyaran saiti | da sauƙi bayan an haɗa | tasha ta ɓace, masu kod na bogi | lokacin da tasha ta sa |
| Waya da forfe | babu | ya danganta da hannunka | batiri na wahala | sai wanda ya iya waya | mega na zuba, yara | nan take |
| Shagon turawa | kuɗin memwa | kaɗan | memwa na mutuwa | sai ka taka ka je | virus, sirrin waya, fim a yanke | bayan kwana 1 ko 2 |

To wa zai ɗauki wanne? Gida mai mutane da yawa da Hausa ce abin kallonsu, inna da amarya da yara, a kafa parabol na kyauta a tabbata Arewa24 ta fito tas kafin mai haɗawa ya sauko daga soro, kuɗin da za a ba abonma a tara a sayi panno da batiri. Gidan da madam ke bin novela maigida kuma na son ƙwallo da finafinan VF, Canal+ ne, ba wata hanya ta halal da za ta ba ku wannan, sai dai ku zauna ku rubuta tashoshi biyar da kuke kallo da gaske ku ɗauki buken da ya ƙunshe su, in watan zafi ya zo ba ku da batiri ku sauka ƙaramin buke. Ɗalibi ko mai zaman ɗaki ɗaya da serin Kannywood ne damuwarshi kuma ba ya son a riga shi a fada, waya ta ishe shi, ya kulle ta a 360p ya riƙa saukewa da dare. Mai son Indiya fassara da dogayen serin waje, ko mai yawan tafiya inda rezo ba ya kaiwa, ya sayi memwa ta gaske jiga 32 a shagon da zai iya maidawa in ta ƙi, ya samu mai turawa ɗaya da ya yarda da shi, kuma ya buɗe epizod na farko da na ƙarshe ya gani tun yana tsaye a wajen.